Laraba, da ledar ruwa uku

Yau sai da na roƙi wata malama abokiyar aikina ta riƙe min darasi biyun farko, na biya asibiti karɓo sakamakon gwajin fitsarin da na ba ku labari ranar Litinin. Masu ta aiko da saƙon ya jiki, na gode, Allah ya bar zumunci. Da sauƙi, amma irin sauƙin ciwon da ya riga ya san hanyar gida.

Da safe Auta ya ɓoye takalminsa ƙafa ɗaya a cikin kwandon albasa. Ummi ta ƙona wainar ƙwai ta ce laifin kasko ne. Abbansu ya sauke ni a bakin titi, na hau adaidaita, direban ya yi ta faɗa da wani mai kurkura tun daga shataletale har ƙofar asibiti. Ƙarfe takwas ba ta yi ba amma rana ta riga ta buɗe ido.

Likitar mace ce, da ƙyar in ta girmi ƙanwata. Ta duba takardar, ta dube ni, ta ce, "Malama, cikin wata goma sha biyun nan, wannan karo na nawa ne?" Na shiga lissafi da yatsu kamar 'yar aji ɗaya: da damina, da hunturu, cikin azumi, ga na yanzu. Huɗu. Ta ce a wurinsu in ya zo sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara, ya tashi daga tsautsayi ya zama mai dawowa, kuma ba a tsayawa a kan ba da magani kawai, sai an nemo ƙofar da yake bi yana shigowa.

Sunan ƙwayar da suka gani E. coli. Na ce a ina na kwaso ta, don ni tun tuni na ɗora laifin a kan bayin makaranta. Ta yi murmushi ta ce ba kwaso ta na yi ba, da ita nake yawo. A hanjin kowa take, mace da namiji, mai tsafta da ƙazami, kuma a can ba ta da wata illa. Matsalar ita ce in ta yi ɓatan hanya daga baya ta zo gaba, ta hau bututun fitsari ta shiga mafitsara. Wai cikin mata goma masu irin wannan zafin fitsarin, wajen takwas ita ce. Ta ɗauko biro ta nuna min tsawon da bai kai murfinsa ba: bututun mace kusan santimita 4 ne, na namiji kuwa ya kai wajen 20. Ga kuma ƙofofin namu kusa da juna. Ta ce, "Kin ga ai tafiyar ba nisa. Halitta ce, ba ƙazanta ba." Wallahi sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ban san na daɗe ina ɗauke da kunyar nan ba sai da ta faɗi haka.

Sai ta juyo min da takardar. Jerin sunayen magunguna ne, kowanne da harafi a gabansa. Mai R, ƙwayar ta gagare shi. Mai S, har yanzu yana cin ta. Ampiclox, R. Septrin, R. Cipro, wanda nake ji da shi, wanda nake aika Babangida kemis ya sayo min duk lokacin da na ji alamar zafi, shi ma R. Ta tambaye ni kwana nawa nake sha. Na ce har in ji sauƙi. Ta ce kwana nawa ke nan. Na ce biyu, wani lokaci uku in kuɗin ya kai. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ba tare da gwaji ba yana kashe raunanan ya bar masu taurin kai, su hayayyafa, gobe in an kawo maganin su yi masa kallon baƙon da suka saba da shi. Ta rubuta min nitrofurantoin na kwana 5, ta ce in sha da abinci, kada in tsorata in na ga fitsari ya yi duhu, kuma ko na ji garau a rana ta biyu in ƙarasa.

Na ɗauka mun gama, har na jawo jaka. Sai ta ce, "Tsaya Malama. Ƙarfe nawa kike fita daga gida?"

"Bakwai."

"Ki dawo?"

"Huɗu, in ba taron malamai."

"Tsakanin nan sau nawa kike kewayawa?"

Na yi shiru. Ba don ban san amsa ba, don na san ta ne. Ko sau ɗaya. Ku da kuke karanta ni kun san bayin nan, na sha yi muku kukansa: ƙofa ba sakata, ruwa sai ranar da aka ga dama, wari tun daga bakin ajin ƙarshe. Shekara da shekaru na koya wa jikina dabara. Shayi rabin kofi da safe, ba na kai ruwa baki sai an tashi, kuma alwalar da na yi a gida ita nake lallaɓawa har azahar. Har alfahari nake yi da ita a ɗakin malamai, wai ni alwalata ba ta karyewa.

Ta ce, "Awa tara ke nan." Ta ajiye biro. Ta ce fitsari shi ne ruwan da ke wanke hanyar, duk lokacin da aka yi shi ana koro ƙwayoyin da suka fara hawa. In aka riƙe, an ba su ɗaki mai ɗumi da lokacin hayayyafa. In kuma ba a sha ruwa ba, ɗan abin da zai taru ba ya isa wanki. Ta ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2018, an yi shi a Bulgeriya da mata 140 masu irin matsalata, waɗanda da ma ba sa shan ruwa sosai. Aka raba su biyu, rabi aka ce su ƙara lita ɗaya da rabi kullum a kan abin da suka saba, rabi aka bar su yadda suke. Bayan shekara, masu ƙarin ruwan ciwon ya zo musu kusan rabin yadda ya zo wa sauran. Na ce lita ɗaya da rabi ai tulu ne. Ta ce, "Ledar ruwa uku ce fa, Malama. Ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, ɗaya da la'asar."

Leda uku. Duk kuɗin da na zubar a kemis.

Sauran maganar ta yi ta da murya ƙasa-ƙasa ko da yake mu biyu ne a ɗakin, ni ma zan taƙaita don na san akwai ƙannena a nan. Kwanciyar aure na tura ƙwayar zuwa ciki, ba don maigida na ɗauke da cuta ba, motsin ne kawai, don haka in tashi in yi fitsari bayanta maimakon in bari sai asuba. Ta ce wannan ba shi da hujja mai ƙarfi kamar ta ruwa, amma ba ya cin ko sisi. Tsarki daga gaba zuwa baya, kada hannun da ya je baya ya dawo gaba. Ruwa zalla ya isa. Sabulu mai ƙamshi, da miski, da su bagaruwa da sauran haɗin matsi da ake cusawa, suna kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin wurin, haka ma maganin tsarin iyali mai kashe maniyyi. A kula da taurin bayan gida. Ta sa aka duba min suga, lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta ce ranar da na ji zazzaɓi da rawar sanyi, ko amai, ko ciwo a kwiɓi ta baya, to abin ya hau ƙoda, kada in tsaya aiken yaro, in taho ko da tsakar dare ne. Mai ciki kuwa ko ba ta jin komai a gwada ta. Har ta ambaci matan da al'ada ta ɗauke musu, wai su nasu dalilin daban ne, sinadarin estrogen ne ke raguwa wurin ya bushe, kuma akwai man shafawa da likita ke rubutawa. Na saurara da rabin kunne, don a raina na ce wannan ba layina ba ne tukuna.

Makaranta. Darasi uku. Alli ya ƙare. An kawo mana takardar gudummawar bikin Malam, ban da canji.

Da la'asar na tarar da Gwaggo a tsakar gida, ta baje a tabarma, gefenta jarka mai lita biyar cike da wani ruwa kalar jar ƙasa. Ummi ce ta kai rahoto, ba shakka.

"'Yar nan, ai sanyi ne. Mu da muka haife ku mun san shi. Kofi safe kofi yamma, shi ma mai gidan a ba shi, don in ba a haɗa da namiji ba aikin banza ne."

Na ce, "Gwaggo, an gwada, an ga ƙwayar, an ba ni maganinta."

"Su likitoci me suka sani a kan sanyi? Na asibiti kwantar da shi yake, wannan shi ke fitar da shi."

Ban ja da ita ba, wa ya isa. Amma kalmar nan tana ci min tuwo a ƙwarya. Ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, zafin fitsari sanyi, rashin haihuwa sanyi, har cutar da ake ɗauka ta saduwa ita ma sanyi. Cuta biyar ko shida, kowacce da sanadinta da maganinta, mun zuba su a buhu ɗaya mun ɗaure baki. Shi ya sa mai lasifika a bakin kasuwa yake sayar da jarka ɗaya ga kowa. Shi ya sa kuma ake kallon mace a kaikaice in ta ce tana da shi, ko a fara zargin miji, ko kishiya in akwai.

Don in kawar da zancen sai na shiga ba ta labarin likitar, har na kai kan maganar matan da suka daina al'ada. Ina cikin zuba na lura Gwaggo ta daina kaɗa mafici. Ta leƙa ta ga yara ba sa kusa, ta ce, "Wato har da bushewa ta ce?" Na ce e. Ta yi shiru, can ta ce ita tun bayan rasuwar Baffa take fama, fitsari kamar an zuba barkono, dare ɗaya ta tashi sau biyar, wani lokaci kafin ta kai bayi ya zubo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa, tsohuwa da ita, a ce me take nema? Jarkar nan ma, ashe, tata ce ta raba biyu ta kawo min rabi.

Na rasa abin cewa. Shekarun rasuwar Baffa na ƙirga a zuci, na kasa haɗa ido da ita. Matar da ta yi min wankan jego sau uku, ta san jikina fiye da yadda na san shi, ni kuwa ban san tana kwana a zaune ba. Na ce ranar Litinin zan zo in ɗauke ta mu je tare, a gwada fitsarin a duba suga. Ta ce in dai mace ce likitar. Na ce mace ce. Ta ce to kada in gaya wa Yaya. Ta tafi ta bar jarkar, ga ta can bayan ƙofar kicin, ban san yadda zan yi da ita ba.

Da daddare na ba Abbansu labarin alwalar awa tara, ina jiran ya tausaya min. Sai ya ce ai ko a Islamiyya an koya mana ba a son salla mutum na matse da fitsari, hadisin Nana A'isha ne, ni da nake taƙama ashe makaruhi nake ta tarawa. Na harare shi. Gaskiya ce, amma ba ita nake son ji ba a lokacin.

Abin da ya hana ni barci har na ɗauko waya nake wannan rubutun daban ne. Yau bayan na dawo daga asibiti, ina cikin darasi, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, zan kewaya." Bakina ya riga ya buɗe da amsar da na saba, ki bari sai an fita tara, sai na haɗiye na ce je ki. Ko minti biyu ba ta yi ba ta dawo ta zauna. Da aka tashi na tambaye ta, ta ce maza na wasa a wajen kuma ƙofar ba ta rufuwa, za ta bari sai ta je gida. Gidansu sai ta hau mota biyu. Shekararta goma sha uku. Yara mata nawa na ce wa su bari sai an fita tara tun da na fara koyarwa? Na fara lissafi na bari.

Na sa buta da sakata sabuwa a jaka, da ƙusa huɗu da na ciro daga akwatin Abbansu bai sani ba. Zan roƙi maigadi ya buga min da safe. Ruwan kuma ban san inda za a samo ba tukuna.

An ɗauke wuta tun tara. Na sha leda biyu da rabi, ragowar rabin na nan kan durowa ya yi ɗumi. Sha ɗaya ta wuce, in na shanye yanzu ni da bayi ne har asuba.