Yankari a watan Agusta: kashin giwa muka gani, giwar ba ta fito ba

Duk wanda ya ce maka ka kwashi iyali ka tafi Yankari, kafin ka tambaye shi kuɗin ɗaki ko lafiyar hanya, fara tambayarsa a wane wata ya je. Ƙanin uwargidana ya yi bautar ƙasa a Bauchi, ya dawo Zariya da wani bidiyo a waya: garken giwaye na tsallaka hanya a gaban motarsu, har da ɗan ƙarami yana kutsawa tsakanin ƙafafun uwarsa. Babu wanda bai kalli bidiyon nan ba a gidanmu da ke Tudun Wada, autarmu kuwa sai da ta haddace shi. Abin da bai faɗa mana ba shi ne a watan Maris ya ɗauka. Mu kuma muka tashi a Agusta, tsakiyar marka, domin lokacin ne yara ke dogon hutu. Har yau in na tuna man da muka ƙona da kuɗin masauki, sai raina ya sosu.

Shirin kansa ba shi da laifi a ido. Mu fara sauka Jos mu sha sanyin tudu, daga nan mu gangara Bauchi mu shiga daji, mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Muka bar gida bayan asuba, ta Maigana da Soba, muka karya kumallo a Pambeguwa, muka wuce Saminaka. Daga Jengre hanya ta fara hawa, iska ta sauya, yara suka ce a rufe gilashi. Kusan wannan hanyar ce ƙaramin jirgin ƙasan da Turawa suka shimfiɗa wa dogo daga Zariya yake bi, wanda ya isa Jos da Bukuru a 1914 don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Tsofaffinmu na Sabon Gari har yanzu suna labarin rashin saurinsa.

Jos ba ta ba mu kunya ba, wannan kam gaskiya ce. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, kusan ninkin na Zariya, shi ya sa Turawan mulki ke gudowa nan idan zafi ya ishe su, tsohon otal ɗin Hill Station ma ragowar wancan zamanin ne. Da damina ko'ina kore shar, duwatsu sun jiƙe suna ƙyalli, hazo kan sauko da safe ya rufe duwatsun Shere. Ruwan alwalar asuba sai da na nemi a ɗumama mini, a watan Agusta fa. Muka sha gwaten acca da zafinsa, uwargida ta yi cinikin dankalin Turawa da kabeji da karas a Farin Gada har ta manta cewa gaba za mu yi, ba gida ba. Muka bi ta Riyom muka ga duwatsun nan da ke ɗaure kan juna, muka gangara har Assop, inda ruwa ke zubowa da ƙarfin da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Wani mai sayar da masara a wurin ya ce da rani ba ya kai rabin haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Jos kuwa namu ne na gida. A harabar gidan tarihin garin, wanda aka buɗe a 1952, akwai ɓangaren gine-ginen gargajiya, a nan aka kwaikwayi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ni da nake sallah a na asalin, wanda sabon gini ya kewaye, ban taɓa tsayawa na ɗaga kai na ƙare wa bakan gizon nan na ƙasa kallo ba sai a Jos. Babban ɗana ya ce, “Abba, wai sai mun zo garin mutane za mu ga kayanmu?” Ban ba shi amsa ba.

To, daga nan ne labari ya sha bamban.

Mun bi ta Toro muka shiga Bauchi, muka cika tanki, muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karya dama. Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya ce a cikin daji, kuma tun a nan ya kamata jikina ya ba ni. Gamba ta tashi hagu da dama ta fi motarmu tsawo. Yara sun manna fuska a gilashi, ba abin da suke gani sai ciyawa.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji. An yi ruwa da dare, ƙasa ta yi laushi, wasu hanyoyin ma direba ya ce ba za su biyu ba. Muka yi ta tafiya. Ƙudan tsando ya same mu, cizonsa kuwa yana ratsa riga, musamman mai duhun launi, ni kuma shuɗiyar shadda ce a jikina. Muka hango gwambaza guda biyu sun ɗaga kai sun kalle mu sun shige ciyawa. Muka ga tsuntsaye, da yawa ma, masu kyau. Can sai mai yi mana jagora ya buga jikin mota, direba ya tsaya. Gabana ya faɗi don murna. Ya sauka ya nuna mana wani tulin kashi a tsakiyar hanya, ɗanye, ƙudaje na bi, ga sawu kamar faifai a cikin taɓo, ga wata bishiya an karya ta daga tsakiya, ɓawonta a ɗaye, farin cikinta a waje. Ya sa sanda ya tona kashin, ya ce da daren nan suka wuce. Muka kashe mota muka yi tsit. Ba abin da muka ji sai kukan kurciya.

Autarmu ta ja hannun rigata. “Abba, ina giwar Kawu?”

Jagoran, dattijo ne mai haƙuri, ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, ai yanzu giwa ba ta da buƙatar kogi. Ko'ina ta juya ruwa ne, ko'ina abinci ne. Da rani kuwa duk kududdufan nan ƙafewa suke, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha, ga ciyawa ta bushe ta kwanta. A lokacin mu muke zama mu jira su. Yanzu ko tana bayan gambar can, ba za ka gan ta ba.” Ya ƙara da cewa idan amfanin gona ya fara nuna, wani lokaci har ficewa suke su faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye, abin da ke haɗa manoma da ma'aikatan daji rigima.

Da na zauna na yi lissafi sai na ga maganarsa. Dajin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244, giwayen da suka rage a ciki kuwa ƙiyasi bai wuce 100 zuwa 150 ba, duk da cewa suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Raba wannan adadi a cikin wannan faɗi, ka lulluɓe shi da ciyawar da ta fi mutum tsawo, ka ga abin da muka biya kuɗi muke nema. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Duk tsawon shekarun nan ma'aikatansa sun san watannin da ake ganin dabbobi. Tambaya ɗaya a waya da ta wadatar. Amma muna da “masani” a cikin gida, wa zai tambayi bare?

Inda kuɗin ya tafi sosai shi ne bayan wannan. Yarinya ta ƙi cin abinci, uwargida ta ce tunda mun riga mun zo a sake gwadawa da yamma. Muka sake biya. Hadari ya haɗo, muka dawo a jiƙe. Aka ce wataƙila gobe, muka ƙara kwana, muka ƙara biyan ɗakuna da mota. Goben ma sawu muka gani, sai wata ɓauna daga nesa wadda har yanzu ni da babban ɗana muke musu a kanta, shi ya ce ɓauna ce, ni na ce kututture ne. Na kira ƙanin uwargida daga inda waya ke ɗan kamawa, na ce, “Kai, wai a wane wata ka ɗauki bidiyon nan?” Ya ce Maris. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, “Yaya, ai ba ku tambaya ba.” Uwargida ce ta karɓe wayar daga hannuna.

Dabbobin da suka zo mana da kansu su ne na cikin sansani. Gadu na yawo tsakanin ɗakuna, ya durƙusa kan gwiwoyin gaba yana kiwo, ko kallonka ba ya yi. Sai kuma bika, gwaggon biri. An gargaɗe mu tun a wurin karɓar makulli, amma gani ya kori ji. Uwargida ta fito da kular dambun nama da ta yi tun daga gida, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya ɗauko tabarma. Wani ƙato ya diro daga rufin ɗaki, bai yi gaggawa ba, ya rungumi kular a ƙirji ya taka da ƙafa uku zuwa gindin bishiya. Ya zauna, ya juya ta, ya gwada murfin da haƙori, ya murɗa da hannu, ya buɗe. Yana ci yana kallonmu, 'yan ƙanana sun kewaye shi suna jiran abin da zai zubo. Ta ɗauki takalmi za ta bi shi, wani ma'aikaci ya ce, “Hajiya, kada ki matsa, haƙoransa sun fi na kare.” Kular dai mun same ta daga baya, wayam, har da tabon haƙori a murfi. Su birran nan sun san leda, sun san kula, sun iya murɗa hannun ƙofa. Ɗaki sai da makulli ko kana ciki, gilashin mota a rufe, yaro kuma kada ya fita da abinci a hannu.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai, kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, ɗuminsa kuma digiri 31 ne rani da damina, dare da rana. Bishiyoyi sun yi masa rumfa. Uwargida da 'yan mata sukan sauka da sassafe kafin jama'a su taru, su shiga da suturarsu, mu maza mu bari sai hantsi. Wanda wanka kawai ya kawo shi, Agusta ba ta rage shi da komai ba. Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansanin, da haure da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. A nan autarmu ta tsaya gaban ƙashin kan giwa, ta ce wannan ba ta motsi.

Abin da nake gaya wa abokan aikina a Samaru yanzu shi ne, tudu da dajin dabbobi ba lokacinsu ɗaya ba, kada a ɗaure su a tafiya guda don tsimin mai. Jos ta damina ce, lokacin da take kore kuma ruwa ke zuba, ko ta hunturu ga mai son sanyi na gaske. Yankari kuwa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, kuma gwargwadon yadda rani ya yi nisa, gwargwadon yadda dabbobi ke matsowa bakin Gaji. Sai dai a shirya wa zafin Maris da Afrilu, don ba na wasa ba ne, a riƙe ruwan sha da yawa, a fita zagaye da sassafe ko da la'asar. Matsalar ita ce dogon hutun makaranta yana faɗowa daidai lokacin da bai dace ba. Hutun zango na biyu shi ne ya fi, ko 'yan kwanakin sallah idan ta faɗo cikin rani, amma da sallah akan cika, sai an kama ɗaki da wuri.

Ko da ranin ma kada a yi wa yaro alkawarin zaki. Suna nan, amma 'yan kaɗan ne, masu aikin dajin kansu sukan daɗe ba su yi ido biyu da su ba. Mai son raƙumin dawa da jakin dawa kuma ba Yankari zai nufa ba, Sumu zai je, a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Sauran kuwa sanannu ne: kuɗi a hannu, mai daga Bauchi, tufafi masu haske saboda tsando, maganin sauro, sannan ba tafiyar dare, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya fi kusa da mu, amma saboda sha'anin tsaro ban ko sa shi a lissafi ba.

Uwargida yanzu Mambila take so, ta ji labarin gonakin shayi na Kakara da sanyin Gembu. Na ce ta bari tukuna, hawan nan na Mayo Selbe ba na motarmu ba ne a yadda take, kuma akwai bashin giwa a kaina. Mun shiga adashi, kwasarmu za ta faɗo ƙarshen Maris. Ƙaninta ya ce zai bi mu ya nuna mana daidai inda ya ɗauki bidiyon, na ce to, amma man zuwa da dawowa a aljihunsa.