Wa ke biyan kuɗin biyayyar Iniyas?

Wanda zai karanta Aeneid, doguwar waƙar da Barjil ya rubuta da harshen Latin tsakanin shekara ta 29 da ta 19 kafin Miladiyya, ya kamata ya riƙa lura da abu guda: duk sa'ad da jarumin waƙar, Iniyas, ya bi umarnin alloli, wace mace aka bari a baya? Waƙar littafi 12 ce, ɗango kusan 9,900, a kari mai ƙafa shida. Labarin wani basarake ne da ya tsira daga rushewar birnin Taroyi ya kai jama'arsa Italiya, inda zuriyarsa za ta kafa Rum. Nauyin da ke wuyansa uku ne: hakkin alloli, hakkin uba da ɗa, da hakkin jama'a. Matar aure ba ta cikin lissafin.

Tun a littafi na 2 aka nuna haka. Birni na ci da wuta, Iniyas ya saɓi tsohon ubansa Ankisis a kafaɗa, tsohon na riƙe da gumakan gida, ya kama hannun ɗansa Askaniyus, ya ce wa matarsa Kiriyusa ta biyo su daga baya. Ita ce ta ɓace. Da ya koma nemanta, fatalwarta ya gani, ta kuma sallame shi da albishir cewa sarauta da 'yar sarki na jiransa a yamma.

A kan Dido, sarauniyar Kartaj a inda Tunusiya take yanzu, wadda ta sauki Iniyas da mutanensa a hanyarsu ta zuwa Italiya, ya kamata a daɗe. Masu karatu da yawa suna cewa alloli ne suka yi mata asiri, shi ke nan. Akwai gaskiya a ciki: allahiya Benus, uwar Iniyas, ta aiko Kufid, allan soyayya, da siffar Askaniyus ya zauna a cinyarta ya hura mata wutar so. Amma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Dido ta riga ta san labarin Taroyi, tana kuma girmama baƙon. Ta yi rantsuwa ba za ta ƙara aure ba bayan ɗan'uwanta Figmaliyon ya kashe mijinta Sikayus, kuma 'yar'uwarta Ana ce ta kwance rantsuwar da hujjar mulki: maƙiya sun kewaye sabon birnin, mayaƙan Taroyi za su zame mata garkuwa. Allahiya, zuciya da siyasa ne suka taru a kanta.

Inda abin ya lalace shi ne kogon da suka fake a ciki ranar farauta, cikin hadarin da allahiya Juno ta tayar. Juno ce mai kula da aure a wurin Rumawa, ta kuma tsaya a matsayin mai kai amarya, walƙiya ta maye gurbin fitilun biki. Dido ta kira abin aure. Iniyas kuwa ya ce bai taɓa riƙe fitilar ango ba, bai ƙulla wannan alkawari ba. A dokar Rum aure yana tsayawa ne a kan niyyar mutum biyu, ga shi nan niyyar ɗaya ce kawai. Barjil bai raba musu gardamar ba.

Da Jufita, shugaban alloli, ya aiko ɗan saƙonsa Makyuri ya tuna wa Iniyas gadon ɗansa, bai yi musu ba. Laifinsa a yadda ya tafi da al'amarin yake: ya sa a shirya jiragen ruwa a asirce, wai yana jiran lokacin da ya dace ya faɗa mata, jita-jita ta riga shi. Amsar da ya ba ta ba ta kai ɗango 30 ba, ta ƙare da cewa ba da son ransa yake neman Italiya ba. Wannan ɗango rabi ne, ɗaya daga cikin sama da 50 da Barjil ya mutu bai cike ba, amma a nan guntuwar ta yi daidai da mutumin da magana ta ƙare masa. Makyuri ya dawo cikin mafarki ya ce ya yi sauri, domin mace kullum cikin sauyawa take. Ana yawan ɗauko wannan magana kamar ra'ayin mawaƙin ne, alhali wanda ya sauya a labarin shi ne namijin. Dido ta kashe kanta da takobin da ya bari, kuma a littafi na 6, da ya gamu da ita a lahira yana kuka yana ba da uzuri, ko uffan ba ta ce ba, ta koma wurin Sikayus.

Kafin ta mutu ta ja wa zuriyarsa la'ana, ta roƙi mai ramuwa ya fito daga ƙasusuwanta. Barume zai tuna Hanibal, jagoran yaƙin Kartaj, nan take, da yaƙe-yaƙe uku da Kartaj daga 264 zuwa 146 kafin Miladiyya. Zai kuma tuna Kiliyobatara, sarauniyar Masar da jagoran Rumawa Antoni ya lalace a wurinta, wadda aka ci su tare a yaƙin Aktiyum a 31 kafin Miladiyya. Iniyas ya yi abin da Antoni ya kasa, kuma wannan zai yi wa Agustus, mai mulkin Rum a zamanin Barjil wanda ya ci Antoni da yaƙi, daɗi. Abin mamaki shi ne mawaƙin ya ba wa wadda aka bari mafi kyawun jawabai.

A littafi na 5 matan Taroyi da suka gaji da teku suka cinna wa jirage wuta a Sisili bisa zugar manzon Juno, huɗu suka ƙone, aka bar matan a can. A rabi na biyu na waƙar, yaƙin duka a kan auren Labiniya, 'yar sarkin Latinawa na Italiya, aka yi, amma ba ta furta kalma ko ɗaya ba. Gashinta ya kama da wuta a matsayin ishara, fuskarta ta yi ja a littafi na 12, iyakarta ke nan. Uwarta Amata, wadda ta nace sai a ba Turnus, abokin takarar Iniyas, ta rataye kanta. Jarumar yaƙi Kamila ta mutu tana bin wani mai ado da zinariya, kuma da ɗangon da aka rufe mutuwarta aka rufe waƙar baki ɗaya, sa'ad da Iniyas ya ga ɗamarar abokinsa Falas, wanda Turnus ya kashe, a jikin Turnus ya soke shi cikin fushi bayan ya nemi sassauci. Macen da ta fita da riba ita ce Juno, wadda ba ta mutuwa: ta ajiye gaba bisa sharaɗin Latinawa su riƙe sunansu da harshensu da tufafinsu.

Wani mawaƙin Rum da ya zo bayan Barjil, Lukan, wanda sarki Niro ya tilasta wa kashe kansa a shekara ta 65 Miladiyya, ya rubuta littafi 10 kan yaƙin basasar jagororin Rum biyu, Kaisar da Fomfe, ya cire sa hannun alloli gaba ɗaya. Duk da haka rabon matan bai sauya ba. Fomfe ya tura matarsa Koneliya tsibirin Lesbos kafin babban yaƙi, daga baya kuma tana cikin jirgi ta kalli yadda aka kashe shi a gaɓar Masar. Kato, ɗan majalisar Rum mai adawa da Kaisar, ya sake auren tsohuwar matarsa Marsiya babu biki, bai kuma kusance ta ba domin yana makokin jamhuriya. Babu Jufita a waƙar balle a ɗora masa laifin.