Ba kullum rauta ce ke da laifi ba

Kiran da ya fi shigowa wayata shi ne: "Malam, intanet ɗin nan ba ya ja, zo ka canza mana rauta." Ni da yarana biyu sana'armu ke nan, haɗa Wi-Fi a gidaje. Da son kuɗi zan bi, da kullum sai na sayar da sabuwa. Amma sau tari idan na je, rautar, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, lafiyarta ƙalau, mazauninta ne bai dace ba.

Wani maigida ya taɓa kirana yana ta faɗa, wai ya sayi mai tsada amma a ɗakin kwanansa ko bidiyo ba ya buɗewa. Na tarar da ita a ƙasa, bayan talabijin, cikin kabad mai ƙofar ƙarfe. Uwargida ce ta tura ta can don wayoyin suna ɓata mata falo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni minti goma." Na fito da ita, na ɗora a saman kanta a tsakiyar gida, na miƙar da eriyoyinta sama. Sigina ya cika har ɗakin ƙarshe. Sigina ba ya ga maciji da ƙarfe, madubi da katangar kankare, har tankin kifin ado ma shanye shi yake.

Rauta ta zamani zango biyu take watsawa, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi tafiya nesa da ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, domin rautocin maƙwabta, Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk nan suke. Shi ya sa nake sa shi a tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ba sa hawan juna. Na biyun ya fi gudu amma ba ya nisa, shi nake ba talabijin da kwamfutar da ke kusa.

Wajen saye kuwa, kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. AC1200 kusan jimillar gudun zangunan biyu ce, megabit 300 da 867, babu wayar da za ta samu duka a lokaci ɗaya. Ni bayan rautar nake juyawa in duba ramukan kebul. Akwai masu araha da raminsu bai wuce megabit 100 ba, ko layin 300 kake biya, a nan zai maƙale. Nemi mai gigabit, wato megabit 1000. In da hali ka ɗauki Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ya fi jure gida mai wayoyi da yawa.

Abin da ba na tsallakewa shi ne tsaro. Ina shiga shafin saitin rautar ta adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in canza kalmar sirrin da kamfani ya sa, wadda sau da yawa "admin" ce kawai. A 2016 mugunyar manhajar nan Mirai da irin waɗannan kalmomin ta mamaye rautoci da kyamarori masu ɗimbin yawa. Sai in zaɓi tsarin kulle Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, in kashe WPS, hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, in sabunta manhajar rautar, in buɗe wa baƙi layinsu daban.

Gida mai bene ko mai tsawo, rauta ɗaya ba ta isa. Mutane sun fi son ɗan abin ƙara sigina da ake cusawa a soket, ni ba na son sa, yakan raba gudu kusan biyu. Gara a ja kebul, yana kai mita 100, a kafa ta biyu a sama.

Kafin in fita nakan rubuta sabuwar kalmar sirri a takarda in damƙa wa uwargida. Maigida kwana biyu ya manta, sai ya danna maɓallin bayan rauta mai goge duk saiti, aikin ya koma farko, wayata kuma ta sake ƙara.