Manzanita, itacen da ya saba da gobara

Ƙanena da ke Kaliforniya ya turo mini hoton wani ɗan itace, manzanita, da ke fitowa a tsaunukan bakin teku. Ɓawonsa ja ne sumul, ganyensa kauri gare shi, kuma ba ya kaɗewa duk shekara. Can ruwansu da sanyi yake sauka, lokacin zafi kuma fari ne, shi ya sa ganyen yake tsayuwa a miƙe don kada rana ta cinye shi.

Abin da ya fi burge ni gobarar daji. Wasu irinsa suna sake tohowa daga kututture, kamar sabararmu ta bayan garin Damagaram idan an sare ta. Wasu kuwa ƙurmus suke ƙonewa, sai irinsu da ke kwance a ƙasa ya tsiro bayan wuta ta wuce. 'Yan asalin yankin suna jiƙa 'ya'yansa su sha.