Garin kokiyaj ya tada mini kaji, ya kashe mini tsaki

Cikin Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, kajina masu ƙwai suka fara zubewa. Ashirin ne, jajayen nan na gidan gona, a akurki mai rufin kwano bayan gida. Ƙwan ne ya fara canzawa: ɓawo siriri, ka ɗauka ya fashe maka a hannu, wani ma ba ɓawo sam, fata ce kawai. Sai kaza uku suka kwanta. Idonsu garau, in ka aje musu abinci a gaba suna ci, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Na yi abin da kowa ke yi, na sayo kafso na tetarasiklin, wani antibiyotik, na riƙa juyewa a ruwa har sati biyu. Banda asarar kuɗi da ƙwan da bai kamata a ci ba saboda maganin, ba abin da na samu.

Da likitan bisashe ya zo, ko maganar ciwo bai yi ba. Ya ɗaga kaza ɗaya, ya bi ƙashin ƙirjinta da yatsa, ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Ƙashin ya lanƙwashe, ya yi taushi kamar guringuntsi. Ya ce, "Malam, me kake ba su?" Na ce hatsi, dusa da sauran tuwo. Ya ce, "To kazar nan ƙashinta take narkarwa tana yi maka ɓawon ƙwai."

Lissafin a fili yake. Ɓawon ƙwai ɗaya na ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyom, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawo, kuma ba duk abin da kaza ta ci jikinta ke tsotsewa ba, don haka mai ƙwai na bukatar kusan giram 4 kowace rana, wato kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari na abincinta. Hatsi da dawa da masara ba su da ko kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya. Dusa tana da fosfor, wani sinadarin da ƙashi ke bukata, amma yawancinsa a ɗaure yake, cikin kaza ba ya iya kwance shi. Ga bazara: kazar da ke cin giram 110 zuwa 120 a rana sai ta rage ci, kuma hakin da take yi da rana shi ma yana sa ɓawo ya yi siriri. Tetarasiklin ɗin da na dage a kai ma haɗewa yake da ɗan kalsiyom ɗin da ke cikin hanji, su ɓata juna.

Na ware ukun da suka kwanta a inuwa, ruwa da abinci dab da bakinsu. Na sayo kokiyaj, ɓawon katantanwar ruwan nan mai cike da kalsiyom da masu abincin kaji ke sayarwa, da garin ƙashi, da bitamin na ruwa mai A, D3 da E na kwana biyar. D3 ɗin dole ne, in babu shi kalsiyom ba ya shiga jini, kuma kajina ba sa ganin rana ƙarƙashin kwano. Kwana biyar biyu suka miƙe, ta ukun ta kai sati. Cikin kwana goma ɓawo ya dawo da ƙwarinsa.

Daɗin wannan ne ya jawo mini asarar. Ina da tsaki talatin masu sati shida a gefe guda na akurkin, kuma buhu ɗaya nake ɗibar musu abinci su da manyan. Na ce abin da ya tada uwa ai zai ƙarfafa ɗa. Na daka kokiyaj ya zama gari luƙui, na zuba kilo ɗaya cikin kowane kilo goma na abincin, na gauraya, kowa na ci. Ban tambayi kowa ba. Likitan ya faɗa mini ma'aunin masu ƙwai, ni na ƙara tsakin da kaina.

Bayan sati biyu da ƴan kwanaki suka fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kashinsu ya zama farin ruwa yana manne musu a gindi, ƙasan akurkin ya jiƙe. Suka daina girma, suka taƙure. Na fara kwasar ɗaya, biyu kowace safiya. Da likitan ya buɗe guda a gabana, na ga abin da har yau ban manta ba: zuciyar da hantar duk sun lulluɓe da farin abu kamar an barbaɗa alli, ƙodar ta kumbura ta yi fari, jijiyoyin fitsarin sun cika da farin tsakuwa, in ka murza kana jin ƙaras-ƙaras. Ɗan tsako kashi ɗaya cikin ɗari na kalsiyom kawai yake bukata. Ni na ba su kusan ninki huɗu, kuma ba su da ƙwan da za su fitar da shi ta nan, sai ƙoda ta ɗauki nauyin duka, cikin zafin da ruwan kasko ke ƙarewa kafin azahar. Goma sha ɗaya suka mutu. Ba allurar da ke gyara ƙodar da ta lalace. Abin da aka iya yi shi ne canza abincin nan take da wadata su da ruwan sanyi na randa.

Da na bar kokiyaj ɗin da tsakuwarsa a kasko daban, da ba haka ba. Kaza mai ƙwai ta san lokacin da jikinta ke nema, takan je ta tsattsaga da kanta, galibi da yamma, tsako kuwa ba ya damuwa da shi sosai. Dakawar da na yi ita ta hana su zaɓi. Kuma ko ga manyan, mai girman ƙwayar dawa ya fi gari amfani, don yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare, lokacin da ake gina ɓawon, aikin da ke cin kusan awa 20.

Yanzu buhu biyu nake haɗawa, kowane da alamarsa. Na masu ƙwai, a kilo goma: hatsi ko jar masara kilo 5.5, tunkuza kilo 2, dusa kilo 1, garin kifi giram 400, kokiyaj giram 900, garin ƙashi giram 150, gishiri giram 30, da piremiks, wato garin haɗin bitamin da sinadarai, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledarsa. Na tsaki kuwa kokiyaj giram 100 ne kawai da garin ƙashi giram 200, gurbin da ya rage in cike da tunkuza da hatsi. Sai sun kai sati 16 zuwa 17 nake fara ƙara musu, rabin na manya, cikakken ma'auni sai na ga ƙwan fari. Ku auna da sikeli, kada ku auna da tiya ko gwangwani, don gwangwanin kokiyaj ya fi na dusa nauyi nesa ba kusa ba. In garin kifin mai gishiri ne, ko ƙuliƙulin kasuwa kuka daka maimakon tunkuza, ku cire gishirin nan, shi ma yawansa na kashe tsaki. Ɓawon ƙwai na gida ina gasa shi in farfashe in mayar musu, amma ɓawo ɗaya rabin bukatar rana ɗaya ne. Kanwa ba ta maye gurbin kokiyaj.

Sauran ƙarancin da na koyi ganewa ba su ci mini dukiya haka ba. Ido ya kumbura da farin abu kamar cuku, hanci na yoyo, ga ƙananan fararen ƙuraje a maƙogwaro: sau da yawa rashin bitamin A ne, abin da ke samun kajin da hatsi da dawa kawai suke ci. Jar masara da ganyen zogale, ɗanye ko wanda aka busar a inuwa, suna tare shi. Tsakon da yatsunsa suka naɗe ciki yana tafiya da gwiwa, rashin bitamin B2 ne, in an ba shi bitamin B cikin kwanakin farko yana miƙewa, in an daɗe shi ke nan. Wanda ke ɗaga kai yana kallon sama, musamman bayan an daɗe ana ba da amproliyom na zawon jini, rashin B1 ne, don maganin yana tare wannan bitamin ɗin. A gama maganin tukuna sannan a ba da bitamin B, kada a haɗa su lokaci ɗaya. Tsohuwar tunkuzar da manta ya yi ɗoyi kuwa tana cinye bitamin E, tsaki su riƙa tangaɗi suna faɗuwa.

Amma in kaji da yawa suka kamu cikin kwana biyu ko uku, da koren zawo da murɗewar wuya da mutuwa a jere, wannan ba ƙarancin abinci ba ne, annobar kajin da ake kira Niyukasil ce ta fi kama da haka, kuma riga-kafi ne kaɗai ke tare ta. Ƙaranci a hankali yake zuwa. Ku kuma karanta jikin ledar bitamin kafin ku saya, da yawa akwai antibiyotik a ciki. Wanda aka jiƙa a ruwa a canza shi kullum, a aje kaskon a inuwa, rana na kashe shi.

Tsaki goma sha taran da suka tsira yanzu sun zama sagaru, sun fara ƙwai. Biyu daga cikinsu har yau ƙanana ne, suna shan ruwa fiye da sauran, kuma likitan ya ce ƙodar da ta taɓu tun ƙuruciya takan nuna kanta bayan kaza ta shiga ƙwai. Kowace safiya su biyun nake fara dubawa, in ɗaga jela in ga ko farin kashin ya dawo.