Ba kowane ɗan mitsitsi a cikin koma ne ɗan ƙurungu ba

Masunta a Rima da Goronyo sukan ware ƙananan kifayen da ba su kai yatsa ba, su ce 'ya'yan ƙurungu ne. Sau da yawa haka ne, amma wasu sun riga sun gama girma, iyakarsu ke nan.

Masana sun sa ƙurungu cikin dangin Mochokidae, wanda a Afirka kaɗai ake samunsa. Babban reshensa Synodontis ne, wato shi ƙurungun, mai nau'i sama da 120. Akwai kuma Chiloglanis, wanda masanin dabbobi Peters ya bayyana a 1868, galibinsu ba sa kai santimita 10, sai Mochokus niloticus na kogunan Nilu, Neja da tafkin Chadi, wanda ke tsayawa ƙasa da santimita 7.

Ka juya kifin ka dubi bakinsa. Ɗan ƙurungu yana da gashin baki shida, huɗun da ke ƙasan haɓa kuma suna da rassa. Chiloglanis kuwa leɓunansa sun baje sun zama faifai mai tsotsa, da shi yake maƙalewa a jikin dutse inda ruwa ke gudu da ƙarfi, yana kankare gansakuka da tsutsar ƙwari. Shi ya sa neman sa a ruwa mai kwanciya irin na tafkin Kware ɓata lokaci ne. Mochokus alamarsa tana baya: fiffiken na biyu, wanda a ƙurungu tsoka ce zalla, a jikinsa yana da siraran ƙasusuwa.

Ƙayar gefe ita ce matsala. Kifin yana buɗe ta ya kulle, ƙarar da ƙurungu ke yi in an kama shi ma gogar gindin ƙayar ce a gurbinta. In ka fizge shi daga raga ƙayar za ta karye, ita kuwa ana duba haƙoranta wajen tantance nau'i. Gara ka yanke zaren.

Chiloglanis ba ya jimawa a bokiti, domin ya saba da ruwa mai yawan iska, ga zafin Sakkwato da ke rage iskar. Mai son ajiye samfuri ya ɗauki hotonsa tun yana da launi, ya yanki ɗan fiffike ya sa a giyar asibiti mai ƙarfin kashi 95 don gwajin ƙwayar halitta, sannan ya jiƙa sauran a fomalin, wato ruwan maganin hana ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 na kwanaki, ya wanke, ya mayar cikin giyar asibiti mai ƙarfin kashi 70. In fomalin ya riga taɓa fiffiken, gwajin ya lalace.