Abin da aikin rarraba littattafai bisa nau'insu ya koya min game da science fiction

A aikin shigar da bayanan littattafai cikin kwamfuta akwai gurbin da ake rubuta nau'in littafi, kuma wallahi babu nau'in da yake cin lokaci kamar science fiction. A Turanci kamar abin a fili yake, ƙagaggen labari ne da aka ɗora shi kan kimiyya ko fasaha, irin su zuwa duniyar wata, mutum-mutumi mai tunani, tsallakawa zuwa zamanin da bai zo ba. Amma da littafin ya fito daga wani harshe sai ka ga iyakar ta gusa.

Rashawa ne suka fi nuna min haka. Cikakken sunan a wurinsu nauchnaya fantastika ne, amma a baki fantastika kawai suke cewa, ita kuma wannan kalmar ta haɗiye komai, labarin roket da na matsafa da na dodanni duk buhu ɗaya. To kai ka ga fantastika a bayanan littafi, bangon ga taurari ga hazo, in ka yi gaggawa ka cike gurbin, mai neman labarin sararin samaniya zai ɗauka ya buɗe ya tarar da jarumi riƙe da takobi yana faɗa da maye. Dole sai ka karanta ko da shafi biyu uku ka ga shin abin mamakin da ke ciki an yi masa bayani da na'ura ne ko da tsafi.

Kuma fa shi kansa sunan na Turanci ba wani tsoho ba ne. Hugo Gernsback da ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka a 1926, scientifiction yake cewa, kalma mai nauyi a baki, sai a 1929 ya koma science fiction ita kuma ta bi duniya. Kafin nan marubucin Faransa Jules Verne ya daɗe da rasuwa tun 1905, wato mutumin da ake kira uban wannan fanni bai taɓa jin an kira aikinsa da haka ba, a Ingila kuma littattafan H.G. Wells scientific romance ake ce musu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowane suna yana tona abin da mutanensa suka fi damuwa da shi. Faransawa suna da roman d'anticipation, Jamusawa Zukunftsroman, duka biyun hankalinsu na kan hasashen gobe ne, babu ma kimiyya a cikin sunan. Larabawa suka ce al-khayal al-ilmi, wato ƙagen kimiyya. Italiyawa suka dunƙule kalma ɗaya, fantascienza, wato ƙage da kimiyya a haɗe, wani editan mujalla Giorgio Monicelli ne ya ƙirƙiro ta a 1952, ni dai a ganina ta fi duk sauran daɗin faɗa. A Sin kehuan ake cewa, kuma can tun farko da niyyar koyarwa aka shigo da abin, marubucinsu Lu Xun ya fassara labarin Verne na tafiya wata a 1903 don jama'a su saba da kimiyya ta hanyar labari. Japanawa ba su wahalar da kansu ba, SF kawai, haruffan farko na science fiction.

A Hausa kuwa na ga masu cewa almarar kimiyya, ni gaskiya ba ta kwanta min ba, don da an ce almara hankali yake tafiya wurin aljanu da abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, alhali marubutan nan duk ƙoƙarinsu su sa ka yarda zai iya faruwa. Ƙagaggen labarin kimiyya nake sakawa a gurbin duk da tsawonsa, sannan a gefe in rubuta sunan da harshen asali ya ba shi yadda yake.